SHARHI: Ƙofar da ɗalibai ke shakkar ƙwanƙwasawa a jami'o'in Najeriya

A makon farko da sababbin ɗalibai suka sa ƙafa a jami'a, akan tara su a babban ɗakin taro, a gabatar musu da shugabannin makaranta, sannan a miƙa wa kowa ɗan littafin dokoki. Wanda ya taɓa buɗe irin wannan littafi ya san abin da ya cika shi: jerin laifuka da hukuncin kowanne, tun daga satar amsa a jarrabawa har zuwa shaye-shaye da shiga ƙungiyar asiri. Can a wani lungu, idan an yi sa'a, za a ga layi biyu ko uku da ke cewa jami'a tana da sashen ba da shawara ga ɗalibin da ke cikin damuwa. Da yawa sukan yi shekara huɗu ko biyar, su karɓi takardar kammalawa, ba su san inda ƙofar wannan ofishi ta fuskanta ba.

Darasin farko da ɗalibi ke ɗauka daga littafin, tun kafin ya shiga aji, shi ne makaranta ta tsara yadda za ta hukunta shi dalla-dalla, amma yadda za ta saurare shi idan duniya ta yi masa zafi, sai dai a gurguje. Shi ya sa duk lokacin da labarin wani ɗalibi da ya hallaka kansa ya iso ɗakunan labarai, sanarwar hukumar makaranta takan zo da siga kusan ɗaya: ta'aziyya ga iyaye, alƙawarin bincike, sai kira ga ɗalibai su riƙa zuwa sashen ba da shawara. Ba a cika tsayawa a tambayi abin da ya hana mamacin zuwa wurin tun da fari ba.

Akwai ƙarancin ofisoshi da ƙarancin ƙwararru, babu mai musun wannan. Sai dai ko a inda ofishin yake, da kujera da ma'aikaci a ciki, sau da yawa ɗalibai ba sa zuwa. Abin da ya ɓace tsakaninsu da wannan ƙofa shi ne amana. Muddin ɗalibi yana zaton abin da zai faɗa a ciki zai iya komawa kunnen malaminsa, ko jami'an tsaron makaranta, ko iyayensa, ko ma 'yan sanda, to zai gwammace ya haɗiye abinsa.

Kayan da ɗalibin yau ke ɗauke da shi

Ɗalibin da ya shiga jami'ar gwamnati a farkon 2020 ya ga abin da ya isa ya girgiza babban mutum, balle matashi ɗan shekara 18. A shekarar ce annobar korona da yajin aikin Ƙungiyar Malaman Jami'o'i, ASUU, suka haɗu suka rufe azuzuwa daga Maris zuwa Disamba. Bai gama farfaɗowa ba sai ga wani yajin aikin, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba na 2022, wata takwas cur. Karatun shekara huɗu ya doshi shida. Tsararrakinsa da suka tafi jami'o'i masu zaman kansu sun gama, sun yi hidimar ƙasa, shi kuwa yana gida ana tambayarsa yaushe za a koma. Da aka koma kuma, sai aka matse zangunan karatu don a cike gurbi, jarrabawa na bin jarrabawa.

Daga nan sai aljihu ya karɓi nasa rabon. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, jami'o'in tarayya da dama sun ƙara kuɗin rajista ninki-ba-ninki. A Jami'ar Legas kuɗin ya tashi daga kimanin naira 20,000 zuwa sama da naira 100,000, kafin zanga-zangar ɗalibai ta sa a yi ɗan rangwame. A Kano sai da gwamnatin jiha ta ware naira miliyan 700 don biya wa ɗalibai 7,000 'yan asalin jihar da ke Jami'ar Bayero. Zuwa Disamba na 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a ƙididdigar hukuma. Asusun ba ɗalibai rance, NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a Mayun 2024, ya rage raɗaɗi ga waɗanda suka samu, amma duk wanda ya san farashin mudun shinkafa ya san naira 20,000 ta ciyarwa ba ta kai mutum ƙarshen wata. Tsarin cin abinci da ɗalibai ke yi wa laƙabi da 0-1-0, wato a tashi ba karin kumallo, a ci na rana, a kwana haka, a da raha ce, yanzu kuwa ya zama rayuwar wasu.

A wasu sassan ƙasar, tsoro ma yana cikin kayan. A watan Afrilu na 2021 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai daga Jami'ar Greenfield da ke Kaduna, suka kashe biyar daga cikinsu. A Satumbar 2023 an ɗauke ɗalibai, akasarinsu mata, daga gidajen kwanansu a Sabon Gida kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, wasu suka shafe watanni a daji. Kimanin mako biyu bayan nan aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Idan aka sako irin waɗannan ɗalibai, akan yi murna, a ɗauki hotuna, a miƙa su ga iyaye. Yadda za su koma kwana a ɗakin da aka fasa aka ɗauke su, da yadda maƙwabtansu da suka ɓuya a ƙarƙashin gado a daren za su sake samun barci, wannan ba ya shiga labarai.

Ga kuma ɗaliban da malamai ke matsa wa da neman lalata. Hukuncin ɗaurin shekara biyu da kotu ta yanke wa wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo a Disambar 2018, da binciken da sashen Africa Eye na BBC ya fitar a Oktoban 2019 kan Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana, sun tabbatar da abin da ɗalibai mata suka daɗe suna faɗa a ɓoye. Bayan waɗannan akwai na yau da kullum, waɗanda ba sa shiga jarida: rasuwar mahaifi a tsakiyar zango, mutuwar auren iyaye, matar aure mai goyo da ke haɗa karatu da hidimar gida, wanda ya faɗi kwas sau biyu yana ɓoye wa gida, wanda ya zuba kuɗin rajista a cacar ƙwallo ta waya.

Duk wannan yana sauka ne a kan mutum a shekarun da ya fi rauni. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce rabin cututtukan da suka shafi tunani da ƙwaƙwalwa suna somawa ne tun wajen shekara 14, kuma bincike ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu sukan bayyana kafin mutum ya wuce tsakiyar shekarunsa na ashirin. Hukumar ta kuma ce fiye da mutum 700,000 ne ke hallaka kansu a duniya duk shekara, kuma hakan yana cikin manyan musabbaban mutuwar 'yan shekara 15 zuwa 29. Waɗannan su ne shekarun jami'a. Ke nan jami'a, ko ta so ko ta ƙi, ita ce wurin da ciwon zai fara nuna kansa, lokacin da yaro ya yi nisa da idon uwa.

Tsari ya daɗe a takarda

Aikin jagoranci da ba da shawara ba baƙo ba ne a makarantun Najeriya. Masana sukan danganta farkonsa da 1959, lokacin da malaman Kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban don su yi wa 'yan ajin ƙarshe bayani kan sana'o'in da za su iya shiga. An kafa ƙungiyar masu wannan aiki ta ƙasa, CASSON, a 1976, kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ambaci buƙatar samar da mashawarta a makarantu. A 2022 aka sa hannu kan dokar kafa majalisar da za ta kula da masu sana'ar. A Janairun 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka. Sabuwar dokar ta tanadi haƙƙin mai jinya, ciki har da rufa masa asiri da hana nuna masa bambanci.

Wannan tarihi yana nuna abu biyu. Na ɗaya, ba dokoki ne suka yi ƙaranci ba. Na biyu, aikin ya taso ne a matsayin jagorar zaɓen sana'a da darasi, kuma har yau inuwar wannan asali tana kansa. A idon ɗalibai da yawa, sashen ba da shawara wuri ne da ake zuwa idan ana son sauya fannin karatu, ko wurin da ake aika wanda makinsa ya yi ƙasa ana shirin sallamarsa. Ɗalibar da ta yi sati uku ba ta barci, ba ta cin abinci, ta daina fita daga ɗaki, ba lallai ta ga wata alaƙa tsakanin halin da take ciki da wannan ofishi ba.

Idan kuma aka gano mai buƙatar likita, sai a ci karo da wani bango. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha kokawa cewa mambobinta da ke aiki a cikin gida ba su kai 300 ba, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, kuma ana ci gaba da rasa su zuwa Ingila da Kanada da ƙasashen Larabawa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Aro a Abeokuta, Yaba a Legas, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da na Maiduguri suna manyan garuruwa ne ko kusa da su, alhali yawancin sababbin jami'o'i an kafa su a garuruwan da ke nesa da waɗannan asibitoci.

Me ya sa ake gudun ƙofar?

Dalili na farko shi ne mazaunin ofishin. A jami'o'i da dama, sashen ba da shawara yana ƙarƙashin ofishin kula da harkokin ɗalibai, wato ofishin da ke raba ɗakunan kwana, yake kuma da hannu a ladabtar da masu laifi. Ɗalibin da ya faɗa shan ƙwaya yana son ya daina, ana so ya kai kansa ginin da ake rubuta takardar korar masu shan ƙwaya. Ɗalibar da malami ke matsa wa kuwa, za ta kai kukanta ne ga ma'aikacin da watakila tare suke shan shayi da malamin. Ko da mashawarcin mutumin kirki ne mai riƙon amana, tsarin bai ba ɗalibi dalilin yarda da shi ba.

Na biyu shi ne rashin ƙa'idar sirri da kowa ya sani. Likita ya san rantsuwar da ya yi, majinyaci ma yana da masaniya a kanta. Amma ɗalibi bai san wa zai karanta fayil ɗinsa ba, ko za a kira mahaifinsa, ko maganar za ta bi shi har cikin takardun makaranta. A harabar da jita-jita ke zagaye ɗakunan kwana kafin la'asar, ganin mutum yana shiga ofishin ma kawai ya isa ya jawo masa suna.

Na uku ita ce doka. Sashe na 327 na kundin hukunta laifuka da jihohin Kudu suka gada, da sashe na 231 na Final Kod da aka gada a Arewa da Abuja, sun ɗauki yunƙurin hallaka kai a matsayin laifi mai hukuncin ɗaurin da zai iya kaiwa shekara ɗaya. Dokar 2023 ba ta soke waɗannan sassa ba. Jihar Legas ta sassauta nata tun 2015, inda ta ba kotu damar tura mutum asibiti, Ghana kuma ta soke irin wannan hukunci a 2023. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta kafa kwamiti kan batun a ƙarshen 2024, sai dai gyaran yana buƙatar hannun Majalisar Tarayya da majalisun jihohi. Illar irin wannan doka ba ta tsaya ga yawan waɗanda aka gurfanar ba. Abokin ɗaki da ya ga alamar haɗari zai yi jinkirin kai rahoto, iyali za su ɓoye, asibiti zai rubuta wani abu daban. Sakamakon haka, ƙasar ba ta da sahihan alƙaluma, kuma abin da ba a ƙirga ba, da wuya a ware masa kuɗi.

Na huɗu shi ne tarbiyyarmu. Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma an raine mu a kan cewa haƙuri da kunya su ne adon mutum. Namiji ba ya kuka, 'ya mace ba ta tona asirin gida. Waɗannan ɗabi'u sun riƙe al'umma a lokuta masu wuya, amma idan suka haɗu da ciwon damuwa mai tsanani sai su zama murfi a kan tukunyar da ke tafasa. Harshe ma yana da nasa tasiri. Kalmar da ta fi saurin zuwa baki idan an ambaci asibitin ƙwaƙwalwa ita ce hauka, kuma babu gidan da ke son a ce ɗansu ko 'yarsu ta taɓa zuwa can, musamman idan ana batun aure. Shi ya sa mai ciwon yakan zo da wata siga: ciwon kai da ba ya jin magani, faɗuwar gaba, zafin ƙirji, rashin barci, yawan tunani. A asibitin makaranta sai a gwada jininsa, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifot, ya koma ɗaki da abin da ya kawo shi.

Wasu kuma sukan fara da malamai da limamai da fastoci, kuma babu laifi a hakan. Addu'a da nasiha suna kwantar da zuciya, kuma malamai da kansu sun sha bayyana cewa neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Matsalar tana zuwa ne idan aka fassara kowace damuwa da raunin imani ko shafar aljanu, har a ɓata watannin da ya kamata a ce likita ya gani.

Gwajin ƙwaya a matsayin ma'auni

A watan Yulin 2025, bayan ganawa da Shugaban Hukumar NDLEA, Buba Marwa, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya bayyana amincewa da yi wa ɗaliban manyan makarantu gwajin shan ƙwaya. Damuwar da ta haifar da matakin gaskiya ce. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya kan Ƙwayoyi da Laifuka ya fitar a farkon 2019 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3, wato kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Ba a manta ba kuma da yadda shan kodin ya yi ƙamari har gwamnati ta haramta sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi a Mayun 2018.

Abin tambaya shi ne me zai biyo bayan gwajin. Idan sakamako ya nuna ɗalibi yana sha, ina za a kai shi? Wa zai zauna da shi mako bayan mako? Wa zai ga sakamakon? Da yawa daga masu shan ƙwaya a makaranta sun fara ne don su samu barci, ko su kwana karatu, ko su manta da wani abu. Idan amsar jami'a ita ce kora, to an mayar da matsalar unguwa ne kawai, an kuma koya wa sauran ɗalibai su ƙara ɓoyewa. Idan kuwa gwajin ya zama hanyar shiga jinya cikin sirri, tare da damar dawowa karatu, zai iya ceton rayuka. Yadda jami'o'i za su amsa wannan tambaya shi zai nuna ko sashen ba da shawara reshe ne na ladabtarwa ko mafaka ce.

Darasi daga Aro da Harare

Ƙarancin ƙwararru ba sabon abu ba ne a Afirka, kuma an taɓa samo masa dabara a nan gida. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Ibadan ya kuma zama mataimakin babban daraktan WHO, ya fara wani tsari a Aro. Maimakon a kulle majinyata a asibiti, sai aka saukar da su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da ɗan uwansa, suna zuwa karɓar magani da rana, har ma ana aiki tare da masu maganin gargajiya da jama'a suka yarda da su. Lambo ya gane cewa mutum ya fi saurin warkewa a cikin mutanen da ya amince da su.

Bayan rabin ƙarni, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya yi makamancin haka a Harare, babban birnin Zimbabuwe. Ya horar da tsofaffin mata masu aikin lafiya a unguwanni, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitoci, suna zama da masu damuwa suna bin matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya har a samu mafita. Ba su yi amfani da manyan kalmomin likitanci ba. Sun kira ciwon da sunan da mutane suka san shi a harshen Shona, wanda ma'anarsa ita ce yawan tunani, daidai da yadda Bahaushe ke faɗa. Sakamakon gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa bayan wata shida, kimanin kashi 14 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka zauna a bencin ke da sauran alamun ciwon damuwa, alhali a ɗaya rukunin kusan rabi ne.

Jami'a ma tana da nata masu zama a benci, sai dai ba a horar da su ba. Malamin da ke kula da aji shi ne ke fara ganin makin ɗalibi ya rikito daga sama. Mai gadin ɗakin kwana ya san wanda ya kwana uku bai fito ba. Ma'aikaciyar jinya ta san fuskar da ta dawo sau huɗu da ciwon kai. Limamin masallacin jami'a, da shugabannin MSSN da FCS da sauran ƙungiyoyin addini na ɗalibai, su ake fara kai wa kuka. Horo na 'yan kwanaki kan gane alamun haɗari, yadda ake sauraro ba tare da yanke hukunci ba, da sanin lokacin da za a miƙa mutum ga ƙwararre, zai mayar da waɗannan mutane hanyar da ke kaiwa ga ƙofar.

Abin da ba ya buƙatar jiran kasafin kuɗi

Shugabannin jami'o'i suna da uzurinsu, kuma ba na banza ba ne. Makarantar da ke fama da kuɗin lantarki da albashi, in ji su, ina za ta samu na ɗaukar mashawarta? Wasu kuma sukan ce ɗalibin da yunwa ke damu abinci yake buƙata, zama a yi hira ba zai biya masa kuɗin rajista ba. Gaskiya ne mashawarci ba zai sauke farashin masara ba. Amma shi ne zai iya gano cewa matsalar wannan ɗalibi kuɗi ce, ya haɗa shi da asusun tallafi ko ya nema masa damar biya kashi-kashi, ya kuma gano cewa na kusa da shi likita yake buƙata a yau ɗin nan. Ba tare da mai rarrabewa ba, dukansu biyu suna zaune a ɗaki ɗaya ba wanda ya sani.

Mafi yawan gyaran da ake buƙata kuma na alƙalami ne. Majalisar malamai ta kowace jami'a tana iya raba sashen ba da shawara da duk wani ofishi mai hannu a ladabtarwa, ta haɗa shi da asibitin makaranta, inda shiga ba ta jawo ido. Tana iya rubuta ƙa'idar sirri a fili, da harshen da kowa zai fahimta, a liƙa a ɗakunan kwana: abin da aka faɗa a nan ba ya fita, sai idan rai na cikin haɗari, kuma ko a nan za a sanar da kai wanda za a kira. Tana iya amincewa cewa ɗalibin da ya kawo kansa kan matsalar ƙwaya ba za a kore shi a kan haka ba. Tana iya ba da damar jingine karatu na zango ɗaya ko biyu saboda lalurar ƙwaƙwalwa, kamar yadda ake ba wanda ya karye a ƙafa, ba tare da an lissafa masa faɗuwa ba. Sannan a samar da mashawarta maza da mata, masu jin harshen da ɗalibai ke kuka da shi, domin akwai abin da mutum ba zai iya faɗa da Turanci ba.

Akwai kuma rabon hukumomin Abuja. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, tana zuwa tantance kwasa-kwasai, tana ƙirga littattafai da kayan ɗakin gwaji da yawan malamai. Da za ta riƙa tambayar yawan mashawarta idan aka kwatanta da yawan ɗalibai, da yawan waɗanda aka gani a zango, da asibitin da ake tura masu tsanani, ta kuma sa wa amsar maki, da an ga canji cikin shekara guda. Asusun TETFund da ke gina manyan ɗakunan lacca yana iya ware kaso don horar da ma'aikata. Ɗalibai suna biyan kuɗin inshorar lafiya ta TISHIP a cikin kuɗin rajista, don haka haƙƙinsu ne a fayyace musu abin da ta ƙunsa game da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ƙungiyoyi irin su MANI da She Writes Woman, waɗanda matasa suka kafa a 2016, da shirin SURPIN da ya taso daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, sun riga sun tara gogewa wajen amsa kiran masu neman taimako ta waya. Jami'a ba ta buƙatar ƙirƙiro komai daga tushe, yarjejeniya kawai za ta ƙulla.

Mu 'yan jarida ma muna da namu laifin. Bayyana dalla-dallar yadda wani ya hallaka kansa, da buga hotonsa da saƙonsa na ƙarshe don a samu masu karatu, abu ne da WHO ta daɗe tana gargaɗi a kai, saboda yana iya ingiza wani mai rauni ya kwaikwaya.

Kafin duk waɗannan su tabbata, akwai abin da ke hannun iyaye da abokai. Labarin zuciya a tambayi fuska. Yaron da ya daina kiran gida, ko ya janye daga abokai, ko ya fara cewa ya zama kaya a kan mutane, ko yake raba kayansa yana neman gafara ba tare da dalili ba, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a tare shi da faɗa. A tambaye shi kai tsaye, a saurare shi har ya gama, a raka shi asibiti mafi kusa, idan abin ya yi gaggawa a kira lambar 112. Uban da ke buga waya yana tambayar sakamakon jarrabawa, ya ƙara da tambayar ko ana samun barci, ko ana cin abinci. Ya kuma faɗa wa ɗansa da bakinsa cewa faɗuwa kwas ba ta rufe ƙofar gida.

Kowace shekara, ranar 10 ga Satumba da ranar 10 ga Oktoba, jami'o'i sukan shirya lacca da tattaki don ranar hana hallaka kai da ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya. Ba laifi. Amma ma'aunin gaskiya yana wani dare ne na makon jarrabawa, lokacin da ɗaliba ke zaune a bakin gadonta ƙarfe biyu na dare tana tunanin wa za ta faɗa wa. Idan a wannan lokaci akwai suna ko lamba da ta zo mata a rai, kuma ta tabbata asirinta zai rufu, to jami'arta tana da sashen ba da shawara. Idan babu, allo ne kawai aka kafa a bakin ƙofa.